Anti Garau Mai Gyaran Kwamin Ninƙaya

In ka ga wata tsohuwar farar a-kori-kura tana hawa unguwar masu dogayen katangu da sanyin safiya, da wata doguwar sanda ɗaure a samanta ta zarce gaba ta zarce baya, ba sai ka leƙa ba, Anti Garau ce a ciki. Gajeriyar mace ce kakkaura, mai saurin tafiya kamar wadda aka aika, kuma babu rigar aikinta da ba ta da ɗigo-ɗigon fari inda kulorin ya taɓa. Sana'arta kula da kwamin ninƙaya na bayan gidajen mutane. Ta auna ruwan, ta sa masa magani, ta wanke matata, ta kasa kunne ta ji lafiyar injin. Sunan kuwa ita ta jawo wa kanta. Duk gidan da ta tarar da ruwa ya yi dishi-dishi, maganarta ɗaya ce: "Ku bar ni da shi, sai ya yi garau." Tun masu gadi na faɗa a bayan idonta har matan gida suka ɗauka, yanzu ko ƴar cikinta in tana jin tsokana haka take kiran ta.

Ba da wannan aiki ta tashi ba. Tela ce, kekenta na ɗakin gaba daf da taga, kuma abin da aka fi saninta da shi ido ne. Ka kawo mata ƙyalle, kallo ɗaya za ta yi masa ta sa hannu a gwangwanin zare ta zaro wanda ya dace, ba sai ta kara ba. Mijinta ne mai aikin kwami. Dogo ne, mai sanyin magana, ana ce masa Mai Famfo don da gyaran famfo ya fara kafin ya koma wannan. Ita kuwa babu abin da ta tsana kamar aikin nan nasa. Wandon da ta ɗinka masa yau, gobe ya dawo da shi kamar zabuwa. Hannunsa kullum warin magani.

"Baban yara," takan ce tana ɗaga wandon sama, "wai kai ruwan kake wankewa ko shi yake wanke ka?"

Sai ya yi murmushi ya ce, "Tela, ki yi haƙuri, ruwa ma yana ciwo. Ni ne likitansa."

Har suka aurar da babbar ƴarsu ba ta taɓa ganin kwamin ninƙaya da idonta ba, ba ta kuma damu ta gani ba.

Abin ya faru ne wata rana da azahar. A ɗaya daga cikin gidajen da yake wa aiki ana fenti, sai masu fentin suka kwashe kayan da ke waje suka tura cikin ɗan ɗakin injin. Jarkar asid suka ɗora a kan kanta, daidai saman bokitin kulorin, murfinta ba a ɗaure sosai ba. Tana ɗiga, tana ɗiga. Yana buɗe ƙofa abin ya doki hancinsa. Ya san abin da ya kamata, wato ya juya ya gudu. Amma tagar ɗakin tana kallon kicin, kuma yana jin mai girki tana waƙa a ciki. Sai ya riƙe numfashi ya shiga ya ja bokitin zuwa fili. Numfashin bai kai shi ba. Mai gadi ne ya tsince shi a bakin ƙofar yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage.

Ya tashi, amma likita bai ɓoye musu komai ba. Huhun ya ƙone, zai rayu da shi a haka, sai dai shi da kulorin har abada, ko warinsa kada ya shaƙa. Aka dawo da shi gida ya sami kujera a baranda ya zauna, ya juya wa titi baya. Mutumin da ba ya iya zama minti biyar bai taɓa wani abu ba, sai ga shi yana yini yana kallon bango. Waya kuwa ba ta daina ƙara ba, gidajen da yake wa aiki ne, ruwa ya fara sauya kala.

"Ki ce musu su nemi wani," ya ce.

Ta ɗauki wayar ta gaisa da matar gidan, ta saurara, sannan ta ce, "To, Hajiya, gobe za a zo."

Ya juyo. "Wa zai je?"

"Ni."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ta miƙa masa ruwa ta jira ya gama. Sannan ta ce, "Ka gama? To tashi ka koya min. In ka ƙi, haka zan je in zuba abin da na ga dama, sunanka ne zai ɓaci ba nawa ba."

A babban bahon wanki suka yi makarantar, a tsakar gida. Shi yana can nesa ta inda iska ke fitowa, da takunkumi a fuska, yana ba da umarni da sandar tsintsiya. Abin awon wata ƴar roba ce mai kwalabe biyu a manne, kowace da jerin launuka a gefenta. A cika su da ruwan, a ɗiga magani a kowace, a girgiza. Ɗaya takan yi rawaya, ita ke nuna yawan kulorin. Ɗayar takan yi ja-ja, ita ke nuna ko ruwan ya karkata wajen tsami ko ya yi wajen kanwa.

"In ya yi tsami," in ji shi, "zai ci ƙarfe, ya ci idon mutane. In ya yi kanwa, kulorin sai ya zama rago, ki zuba buhu guda ba zai yi aikin komai ba. Tsakiya ake nema. Kara shi da launin gefe ki gani."

Ta ɗaga kwalbar ta yi mata kallo ɗaya. "Wannan ai ya wuce tsakiyar. Ya fara shiga ruwan hoda."

Ya sa ta kawo, ya ɗaga sama, ya kanne ido ɗaya, ya juya ta nan ya juya ta can kamar yadda ya saba. Can ya sauke hannu. "Ke da kallo ɗaya kika gani?"

"Malam, shekara nawa ina bambance zare? Wannan ai wasan yara ne."

Abin da ya fi nanata mata ba awo ba ne. Kada asid da kulorin su kwana ɗaki ɗaya, ko a mota kowa da kusurwarsa. In za ta sirka asid, shi ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba masa ruwa. In ta buɗe ƙofar ɗakin injin, ta ja da baya ta bar iska ta riga ta shiga. Yana faɗar wannan muryarsa takan sauya, ita ma a nan ba ta yi masa wasa.

Tuƙi dama ta iya, shi ya koya mata tun tana zuwa sarin yadi. Ta ɗaure sandar a saman mota, ta sa takalmin roba da ya yi mata yawa, ta fita. Ranar ta fara ganin kwami. Ta tsaya a bakinsa hannu a ƙugu ta ce a ranta, ashe baho ne babba.

Bahon bai daɗe ba ya nuna mata girmansa. Matatar kwami wata ƙatuwar tulu ce cike da yashi, ruwa na bi ta ciki yana barin datti. In ta cika, akan juya makunninta ruwan ya bi ta baya ya wanko dattin ya fita waje ta bututu, na ɗan lokaci kaɗan, sai a mayar. A wani gida ta juya makunnin, ta tafi kwashe ganye da raga, mai girki ta fito da shayi, hira ta yi daɗi. Sai ihu suka ji daga bayan katanga. Rabin taku na ruwan kwamin ya bi ta ƙarƙashin katanga ya shiga lambun maƙwabci, wani tsohon soja mai gashin baki, ya mayar masa da kunyoyin tumatir fadama.

Mai girki ta ce, "Anti, shige ciki, zan ce ba kowa."

"In ɓuya? Ni na yi."

Ta kashe injin, ta zaga ta buga ƙofarsa. Ya buɗe yana huci, kafin ya buɗe baki ta ce, "Baba, ni ce na yi maka ɓarnar nan. Faɗan yana nan, ba zai gudu ba, amma ruwan nan akwai magani a ciki, ba ni fartanya mu fitar da shi tukun." Ya tsaya yana kallon ta, sannan ya miƙo fartanya ya ɗauko shebur. Suka haƙa hanya tare har ruwan ya tsiyaye, ta bi kunyoyin da ruwan famfo mai daɗi. Da suka gama faɗan ya riga ya huce, abin da ya rage masa kawai shi ne ya ce ko a bariki bai ga mai riƙe fartanya haka ba. Tun daga ranar, in ta buɗe makunnin wanki sai ta ɗaura jan zare a wuyan hannu, ba ta kwancewa sai ta rufe.

Wasu gidajen sun sallame ta da jin mace ce. Ba ta roƙi kowa ba. Waɗanda suka riƙe ta sun ga ruwansu ya tsaya, yara sun daina fitowa da jajayen idanu. Abin da ya dame ta yana gida. Kullum ta dawo ta ba shi labarin ruwa, zai amsa abin da ta tambaya, sai ya koma kallon bangonsa.

Ana haka aka kira ta gidan Mama Sista. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta ƙare aikinta a ɗakin haihuwa, rabin manyan unguwar ita ta karɓe su. Mijinta ne ya gina kwamin, kuma tun da ya rasu ba wanda ya sake leƙa bayan gidan. An yi mata aiki a gwiwa, likita ya ce ba abin da zai tashe ta kamar tafiya a cikin ruwa. Ɗanta da ke aiki a nesa ya so turo kamfani, ta ce ba za ta tuɓe zane a gidanta ƙarti na kai da kawo ba. Sai ta ji labarin akwai mace.

Anti Garau ta ga koren ruwa iri-iri, amma ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Gansakuka ta yi kauri har ganye na zaune a kai ba ya nutsewa. Ƙafar wata kujerar roba ta leƙo daga tsakiya. Da ta taka bakin, sai ji ta yi tsulum, tsulum, tsulum, kwaɗi na ta faɗawa. Mama Sista ta biyo ta a hankali, tana tura ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu.

"Ƴata, ki gaya min gaskiya. Zai gyaru, ko in sa a cike shi da ƙasa?"

Ta tsoma sandar har ƙasa, ta ja ta a jikin tayil ta ji babu tsaga. "Mama, datti ne kawai. Jikinsa lafiya lau."

"To sharaɗi ɗaya. Kwaɗin nan kada ki kashe min ko ɗaya. Na gama rayuwata ina karɓar masu rai, ba zan fara kisa da tsufana ba."

Haka aka yi. Kafin a ɗiga ko da cokalin magani, Anti Garau ta bi kwaɗi da raga ɗaya bayan ɗaya, har da talibambam, tana zubawa a bokiti tana kaiwa rafin da ke bayan unguwa. Mama Sista na zaune a inuwa tana nuni da sanda: "Ga wani can a lungu, yana kallon ki." Masu gadin layin suka sha dariya ranar, mota ta wuce kwaɗi na kuka a baya.

Injin ne ya ƙi. Ta kunna, ya yi gurnani ya tsaya. Ta kwance shi, mai gadi ya taya ta ɗorawa a mota, ta kai gida ta dire shi a kan teburin baranda, gaban mijinta.

Ya kalle shi ya kau da kai. "Na ce miki na bar aikin nan."

"Likita kulorin ya hana ka. Ban ji ya ambaci sifana ba."

"Ki ce su sayi sabo."

Ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗaki ta fito da guduma da wata tsohuwar sukurdireba, ta zauna a ƙasa, ta kafa bakin sukurdirebar a inda ta san sarai ba nan ba ne, ta ɗaga guduma. Ƙwal! Ya runtse ido. Ta sake ɗagawa.

"Ke! Ke! Wa ya ce miki ana dukan farfela? Ajiye! Ajiye na ce!"

"To ya zan yi? Ba mai nuna min."

"Kawo min akwatin kayana. Da tsumma. Matsa daga nan, kin tare min haske."

Ta matsa, tana danne dariya. Ya buɗe cikin injin, sai ga gidan tururuwa da ƙwayayensu, boris ɗin da farfela ke juyawa a kai ya yi tsatsa ya kafe, robar da ke hana yoyo ta bushe ta farfashe. Ya aike ta kasuwar kayan gyara da tsofaffin a leda don kada a ba ta wani iri. Da ya gama haɗawa, ya sa aka cika bahon wanki, ya jona tiyo, ya kunna. Ruwa ya yi tsiri ya tsallake tsakar gida ya jiƙe shanyar da ke kan igiya kaf. Ta fito tana salati, ta tarar da shi a tsaye, jiƙe sharkaf, yana tari yana dariya. Rabon da ta ga irin wannan dariyar tasa tun kafin asibiti. Ta kwashe shanyar.

Ana mayar da injin gidan Mama Sista, aiki ya kankama. Ta kwashe tsohon yashin matata, wanda ya dunƙule kamar siminti, ta zuba sabo. Ta ciro kujerar, da wani tsohon takalmi, da ganye buhu-buhu. Ta goge bango da buroshi har kafaɗunta suka yi tsami. Ta fara daidaita tsamin ruwan, sannan da yamma, da rana ta yi sanyi, don zafin rana na cinye kulorin, ta zuba masa mai yawa ta bar injin na juyawa.

Washegari ta tarar da Mama Sista a bakin kwami ta haɗe rai. Koren ya tafi, amma ruwan ya koma fari-fari kamar na wankin shinkafa.

"Ƴata, me kika yi min? Jiya ko ba komai yana kama da tafki."

"Mama, ai albishir ne. Gansakukar ce ta mutu, gawarta kike gani. Saura jana'iza."

Ta jiƙa alif ta watsa ko'ina, ta kashe injin, ta ce kada kowa ya taɓa ruwan, ko tsinke kada a jefa. Da ta dawo, duk farin ya kwanta a ƙasa kamar auduga, saman ya washe. Ta jona tiyon zuƙa a sandar, ta shiga bin ƙasan a hankali, a hankali, don in aka yi gaggawa sai ya tashi ya sake gauraye ruwan. Ga mace mai sauri irinta wannan ne aikin da ya fi wuya. Duk inda bakin tiyon ya bi sai shuɗin tayil ya fito, layi bayan layi. Da ta kai tsakiya sai wani abu ya bayyana, zanen kifi ne babba da aka yi da ƙananan tayil masu ruwan zinariya.

Mama Sista ta ƙura wa kifin ido, ta tuna mijinta. Can ta ce, "Shi ya jera shi da hannunsa. Magina suka ce ba za su iya ba, ya cire riga ya shiga. Wallahi na manta yana nan." Ta goge ido da bakin mayafi. Anti Garau ta ci gaba da jan tiyonta, ba ta ɗago ba, sai dai ta bi kan kifin sau biyu.

Aka jira kulorin ya sauka daidai yadda jiki zai ɗauka. Ranar shiga, Mama Sista ta fito cikin doguwar riga, ta kai bakin matakala ta riƙe ƙarfe, ta tsaya. Mai aikinta ta riga ta ce ita ko da kuɗi ba ta shiga. Tsohuwar da ta saba ba likitoci umarni ta kalli ruwan, ta kasa taka matakalar.

"Ƴata, ke za ki riƙe ni."

"Ni, Mama? Ni daga baki nake aikina. Ban taɓa shiga ba."

"Ba ki taɓa shiga ba? Kina ba mutane ruwan da ke kanki ba ki yarda da shi ba?"

Maganar ta soke ta. Ta cire takalmin roba, ta ajiye waya da makullin mota a kan kujera, ta taka matakalar farko da kayan aikinta. Sanyi ya kama idon sawunta, ya hau gwiwa, ya kai ƙugu. Da ya kai ƙirji numfashinta ya ɗauke, ta ji ƙafafunta na neman barin ƙasa. Ta dake, ta kafa su, ta miƙa hannu biyu. "Taho, Mama. Ga ni."

Mama Sista ta sauko tana cije leɓe. Da ruwan ya ɗauke nauyinta sai fuskarta ta saki. Ta ɗaga ƙafar da aka yi wa aiki, ta lanƙwasa, ta miƙe, ta sake lanƙwasawa.

"Ikon Allah. Ashe haka nake a da."

Suka ratsa faɗin kwamin, ɗaya na tafiya gaba ɗaya na ja da baya, hannu cikin hannu, kowacce na ce wa ƴar'uwarta kada ta ji tsoro. A dawowa Anti Garau ta ji santsi a ƙarƙashin tafin ƙafarta, daf da matakala, wani lungu da buroshi ba ya kaiwa in kana tsaye a sama. Tana mayar da Mama Sista kan kujera ta ɗauko buroshin hannu ta koma ciki da kanta. Da ta isa gida jiƙe, mijinta ya tambaya ko faɗawa ta yi. Ta ce, "Shiga na yi. Kai duk shekarun nan ka san akwai inda ba a gani sai da ƙafa?" Ya ce bai sani ba, shi ma daga baki ya yi nasa.

Labari ya bazu a tsakanin tsofaffin unguwar. Mai ciwon baya ta zo, mai ciwon ƙugu ta biyo, har suka zama ƙungiya, suna jerin gwano a ruwa suna gulmar surukai. Anti Garau ta tayar da kekenta ta ɗinka musu kayan shiga ruwa, dogaye masu rufe jiki, da yadin da ba ya shan ruwa ya yi nauyi. Ba a jima ba ruwan ya fara dushewa, wani maiƙo na kwanciya a bakin tayil. Ta shafa da yatsa ta sansana, ta tara su.

"Iyayena, man shafawarku ne. Kowacce ta shigo da nata, ga turare, ga hoda. Ruwan nan ba zai iya da ku ba. Daga yau sai an ɗauraye jiki kafin a shiga."

Wata ta ce, "Yanzu mu za a ce wa mu yi wanka? Da wankanmu muka fito."

Mama Sista ta buga sanda a ƙasa. "A ɗakin haihuwa ko babban likita sai ya wanke hannu a gabana. Wadda ba za ta ɗauraye ba, ga ƙofa." Mai Famfo ne ya zo ya kafa musu shawa a jikin katanga, can nesa da ɗakin magani, ya kewaye ta da labule. Fitarsa aiki ta farko ke nan tun da ya kwanta.

Daga nan barandarsu ta koma wurin gyara. Injinan gidajenta take kawo masa, sannan sauran masu aikin kwami suka ji labari suka fara sauke nasu. Tarin bai rabu da shi ba, in damina ta yi nisa yakan kwana biyu a kwance, amma yana tashi zai nemi sifana. Mama Sista ta ajiye ƙarfe mai ƙafa huɗu ta koma sanda, daga baya sandar ma sai in za ta yi nuni. Da ɗanta ya matsa ta koma wurinsa, da ƙafarta ta taka zuwa mota. Tsofaffin suka koma kwamin ɗaya daga cikinsu, da sharaɗin Anti Garau ce za ta riƙa duba shi.

Yanzu furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, gidajen da take wa aiki sun fi ƙarfin mako, har tana mayar da wasu. Kwanan baya wasu sababbin zuwa unguwar suka kira ta. Matar gidan ta kai ta ɗakin injin ta nuna mata wani farin akwati a bango, da wani bututu mai haske da faranta na ƙarfe a ciki. Ta ce wannan kwamin ba a zuba masa kulorin, gishiri ake zubawa, na'urar ce ke mayar da shi magani da kanta, ga shi tana ta kunna jar fitila, wanda ya kafa ta kuma ya bar gari.

"Kin san irinta, Anti?"

Anti Garau ta durƙusa ta leƙa cikin bututun. Wani farin abu ya daskare a jikin farantan kamar na gindin tsohuwar buta. Ta tsoma yatsa a kwamin ta ɗanɗana, ta ji gishiri-gishiri.

"Ban taɓa gani ba," ta ce. "Amma ki ba ni zuwa jibi."

Ta ɗauki hoton na'urar ta kowane gefe, ta kashe wuta, ta rufe makunnai, ta kwance bututun ta naɗe a tawul kamar jariri. A gida ta shimfiɗa shi a teburin baranda. Mai Famfo ya sa tabarau ya juya shi, ya ce wayar wuta ce ta saki. Ta ce ba waya ba ce, dattin nan ne ya toshe farantan. Ya ce ita me ta sani game da wuta. Ta ce shi me ya sani game da gishiri. Ƴarsu da ta zo yini ta leƙo ta ce abinci na hucewa, ba wanda ya ko waiwaye ta. Ya jawo fitila kusa, ita kuma ta jawo kujera, suka haɗa kai a kan abin.